Kunkurun da Warsini Ta Daɗe Tana Yi wa Tsaki

Ƙanwata Warsini tun tana ƙarama Allah ya yi ta da shegen tambaya. Komai ta gani sai ta ce don me, har Inna ta gaji ta ɗora mata tallan dafaffiyar gyaɗa, ta ce ta je haikalin Borobudur ta dami baƙi.

To su masu ziyara, in za su zagaya, haikalin na hannun damansu yake, haka mabiya Buddha ke yi. 'Yan talla kuwa ba sa bin bayansu, wa ke sayen gyaɗa da ƙeya? Ta ɗaya ɓangaren suke bi, a yi gaba da gaba. A haka ta girma tana kallon hotunan da aka sassaƙa a dutse, tana haɗa labarinsu da kanta. Akwai wani ƙaton kunkurun ruwa da ta tsana. A ganinta daɗin baki ya yi wa fatake a gaɓa, ya goya su, ya kai su tsakiyar teku ya zuba a jirgi mai nutsewa. In ta zo wurin har tsaki take ja.

Ta yi aure, ta haihu, ta buɗe rumfar shayi da soyayyar ayaba. Bara sai ga wani saurayi, Gunadi, daga birnin Yogya da 'yan wasansa, wai zai mai da labaran dutsen nan wasan kwaikwayon zamani, da fitilu da gita. A rumfarta suke shan shayi. Ta ishe su da tambaya, ta kuma cika baki cewa ba wanda ya kai ta sanin kunkurun nan, har Gunadi ya ce to ta zo ta zama shi. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

A gwajin farko ta murtuke fuska, tana zare ido, tana dariyar mugunta.

"Goggo, wa ya taɓa ki?" in ji Gunadi.

"Ba mugu ba ne? Ai mutane ya kai ruwa."

Sarju, wani ƙato mai fitowa a madugun fatake, ya yi dariya har da kwanciya. Gunadi ya tambaye ta ta ina take zagaya haikalin. Da ta faɗa, sai ya dafe kai, ya ce ai a baibai ta karanta labarin tun yarinta, ceton mutanen kunkurun ya yi. Amma fuskar ta ƙi sakuwa, shekara da shekaru ba wasa ba. Ya ce in Asabar ta zo a haka, wata zai ba ƙoƙon bayan kunkurun ta fito a madadinta.

Washegari ta rufe rumfa ta hau haikalin, ta bi ayarin baƙi kamar ba 'yar gari ba. Sai ga jirgi ya fara nutsewa, sannan goyo, sannan gaɓa. Ta tare wani malamin Buddha mai mayafi ruwan ɗorawa ta ce to me kunkurun ke gaya musu a ƙarshe. Ya ce yunwa ce ta kama su, shi ne kunkurun ya ce su ci namansa, kuma a wurin mabiya Buddha kunkurun nan Buddha ne a wata rayuwa ta da.

"Suka ci?"

"Dutsen bai nuna ba, Goggo."

Ta daɗe tsaye a wurin har rana ta kore ta.

Ranar wasa ina layin gaba. Ta rarrafo da ƙoƙon bayanta na saƙar gora, fuskar nan a sanyaye, ta goya fataken ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo wurin yunwa, ta dubi Sarju ta ƙara abin da ba a koya mata ba: "Ku ci. Amma kai mai tumbi, ka bari ƙananan su fara."

Aka kwashe da dariya. Gunadi ya ce a bar maganar a cikin wasan. Wata mai zuwa da ita za su tafi wasa birnin Solo.