Gishirin da Ƙyalle Bai Kama Ba

Turin kurar ruwa a Kwamba wahala ce, ba wani abu ba. Shekara tara na yi ina yi, lokacin da ma'aikatan Abuja suka cika gidajen haya. Da damina rijiyoyin sai su koma jajawur, a tsaya ana zagina kamar ni na zuba ƙasar.

A irin wannan daminar gudawa ta kama autarmu, tana da shekara uku. Kwana biyu, idonta ya faɗa. Malamar asibiti ta ce a tafasa ruwa cikin kwalbar lemo biyu, a sa ƙaramin cokalin gishiri da ƙwayar sukari biyar, a riƙa ba ta. Biyar ɗin nan su ne suka rage a gidan.

Matata ta tafasa ruwan rijiya, ta ajiye ya huce. Ni kuwa garaje ya sa na zuba gishiri da sukarin, na motsa, sannan na duba. Ruwan ja ne. Ba zan ba yarinya wannan ba. Na bari ya kwanta, na tace da ƙyallen da ake tace koko. Laka ta tsaya a kan ƙyallen, sai na ɗauka gishirin da sukarin ma sun tsaya tare da ita.

"Shi ke nan, na tace maganin," na ce.

Matata tana rungume da yarinyar, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malam, kai da ruwa ne sana'arka? Ɗanɗana mana."

Na ɗanɗana. Wallahi suna nan, gishirin da zaƙin duka. Na lashi lakar ƙyallen, ƙasa ce zalla.

Ban yi boko ba, amma na tsaya ina kallon kwanon nan. Abu uku suka shiga ruwa ɗaya. Laka ana ganinta, ta gaji ta kwanta, ƙyalle ya kama ta. Biyun sun ɓace wa ido, ba su kwanta ba, sun bi ruwan ta inda ko ƙura ba ta wucewa. Ikon Allah.

Cokali-cokali muka yi ta ba ta har magariba.

Da safe ta farka ta ce koko take so. Ban fita da kura ba. Na jiƙa gishiri a faranti, na ɗora kan rufin kwano, na zauna ina jiran rana ta ɗauke ruwan in ga abin da za ta bari.