Kawu, Ga Sharhin da Ka Ce In Rubuta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ran kawuna, mai zana littattafan labari cikin hoto, yana da shekara sittin da uku. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta hau bene da kofin shayi ta tarar da kansa a bisa tebur, alƙalami a hannu. Ta ce har ta fara yi masa faɗa kan barci a kan takardun mutane.

Kawu, a gwiwarka na koyi karatu. Kana zana Baƙin Takobi, jarumin nan naka mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana, ni kuma ina haɗa baƙaƙen da ke fita daga bakinsa. Ba ka taɓa barin maƙwabci ya mutu ba a san fuskarsa ba: tela, mai aski, matar da ke sayar da kwalaben tawada, duk ka saka su cikin taron jama'a a shafukanka. Shekarar da malamina na jami'a ya mayar mini da kundin bincikena karo na uku, ina kuka na zo maka. Ba ka ba ni haƙuri ba. Wata biyu bayan haka sai ga wani dodo mai tabarau da sanƙo a littafinka, an sare masa kai a shafi na tara. Ban taɓa samun rarrashi kamar wannan ba.

Abin da masu karatu ba su sani ba shi ne jarumin ba naka ba ne. Tun kana matashi ka sa hannu a wata takarda, ya zama mallakar kamfani, kai kuma ka zama mallakarsa. Shekara talatin da ɗaya kana yi masa hidima. Sau uku ka kashe shi, da dafi, da ruwa, da faɗowa daga dutse, sau uku aka dawo maka da shafukan a ce ka tashe shi. Da ƙafafunka suka gaza, shekara biyu ba ka sauko daga ɗakin nan ba: tebur mai gangare, fanka mai ƙara, taga ɗaya da ke kallon bangon gidan maƙwabta. Kana cewa bangon ne kaɗai mai karatun da bai taɓa roƙonka ci gaba ba.

Sai bara aka kawo maka babban aiki. Za a haɗa Baƙin Takobi da Uwar Toka, matsafiyar wani kamfani daban, a littafi ɗaya. Masoyan kowanne suka yi ta murna. Amma haɗa jarumai yana da ƙa'ida: ba a yarda ɗaya ya fi ɗaya ba. Idan ya sare ta sau ɗaya, dole ta ƙona shi sau ɗaya. Lauyoyi biyu suka zauna suna auna girman fuskokinsu a bangon littafi da abin awo. A labarin, wani mugun sarki ya kulle su a ɗakin dutse, kuma a nan aka tsaya. In ya fasa bango da takobi, an raina tsafi. In ta buɗe da tsafi, an raina takobi. Ka ce su haɗa ƙarfi, aka ce wa zai fara taɓa bangon? Kashi uku na littafin suka fito, shafi casa'in da shida, mutum biyu a ɗaki guda suna zare wa juna ido.

Ni ce mai sharhin littattafai a jaridarmu, saboda haka aikin sharhin littafin ya faɗo kaina. Na yi ta kewaye-kewaye har wata guda. Ranar Lahadin ƙarshe na hau wurinka.

Na ce, "Kawu, wallahi labarin nan bai motsa ba."

Ka ce, "To, 'yar boko, sai yau kika gano? Ki rubuta haka."

"Inna za ta kashe ni."

"Ita karatun jarida take yi? Naɗe kwalabe take yi da ita. Ki ji ni, yarinya. Kowa yana yabona don in ci gaba da zama a nan. In kika yaba, kin shiga layinsu."

Kwana biyu bayan haka ka tafi, ka bar ni da alkawari. Edita ya kira ni ofis, ya sassauta murya yadda ake yi wa mai makoki, ya ce ai yanzu sai yabo, ba a sukar aikin mamaci. Kamfanonin biyu, waɗanda suka kasa daidaitawa kan bango, sun daidaita cikin yini ɗaya kan sanarwar jimami, sun aiko mini da kwafi don in ɗebi kalmomi. Inna kuwa ta kama hannuna a wurin zaman gaisuwa ta ce, "Ke ce mai alƙalami a gidan nan, ki faɗa wa duniya shi ne aikinsa mafi kyau." Ashe tana karantawa, Kawu. Duk ranar Asabar take karantawa kafin ta naɗe. Na juya dama, na juya hagu, babu inda zan bi ban saɓa wa wani ba.

Ga abin da na rubuta, na kuma miƙa jiya. Littafin ba shi da kyau. Faɗan na ƙarya ne, maganganun na lauyoyi ne, ƙarshensa babu. Hannayen jaruman kawai nake roƙon mai karatu ya duba, don ba a taɓa zana gajiya kamar yadda ka zana ta a yatsunsu ba. Kuma na rubuta cewa kada a ba wani ya ƙarasa shi. Edita ya karanta a tsaye, ya miƙa wa masu bugawa.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka huɗu da jikokinka da duk wanda ya taɓa ganin fuskarsa a shafinka. Inna, Allah ya ba ki haƙurin rashinsa. Jaridar za ta iso ranar Asabar. Zan zo da kaina in zauna a gabanki, ki karanta ina nan.