Alhaji Sabi'u da Ɗan Farinsa, Bayan Shekara Biyar

Shekara biyar ke nan cif da muka kai aminina Alhaji Sabi'u makwancinsa a nan Dubai. Na saba tuna shi ni kaɗai a shagonmu na takalma da ke unguwar Naif, amma bana abin da na gani ya hana ni yin shiru.

Ɗansa na fari, Nura, a nan ya tashi. A filin ƙanƙarar wani babban kanti ya koyi ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wasan da har yau idona ba ya iya bin ƙwallonsa. Wata jami'a a Amurka ta ɗauke shi yana buga mata. Watan jiya, ranar da manyan kulob ke zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, aka kira sunansa. Mu 'yan kasuwa muka taru a kan waya guda muna murna.

Sai gidan talabijin ya sako tarihinsa. Suka nuna hoton Sabi'u, suka ce ga uban da bai taɓa zuwa kallon ɗansa ba, bai ma taɓa kiran sunansa ba. Na ɗauka ƙarin gishirin 'yan jarida ne. Sai ga Nura da bakinsa yana tabbatarwa, idonsa ya kawo ruwa.

Sabi'u mutumin da ne, mai alkunyar ɗan fari. Ba ya kama sunansa, sai dai "wannan yaron". Ba ya yabonsa a gaban mutane. Amma duk Asabar bayan la'asar sai ya ja ni mu hau jirgin ƙasa na metro, mu haye benen kantin nan, ya laɓe bayan ginshiƙi yana leƙen filin. In aka maka yaron da bango sai ya damƙe hannuna har ya yi mini ciwo. Ina tsokanarsa cewa gemu guda yana laɓe kamar ɓarawo, sai ya harare ni ya ce in na faɗa a gida mun ɓata.

Da yana raye ya ga shirin nan, na san ba zai kare kansa ba. Zai ce Turawa ba su san kara ba. Gaskiya ne. To amma Nura fa? Mun raini yaro a garin da iyaye ke rungumar 'ya'yansu a bakin fili, muka zaci zai gane shirunmu ba tare da kowa ya yi masa bayani ba.

Na karya alkawari, na kira Nura na zayyana masa komai. Sai ya ce, "Baffa, ko sau ɗaya, ko a bayan idona, ya taɓa faɗin sunana?"

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce ban taɓa ji ba.

Abin da ya rage na Sabi'u ke nan: ƙauna mai yawa wadda ni kaɗai na shaida, alhali ba ni ke bukatarta ba. Allah ya jiƙanka, aminina. Na rufa maka asiri tsawon shekaru kamar yadda ka nema, kuma da ni da kai duk mun cuci yaron nan.