Ranar da Kawu Lawali Ya Roƙi a Kore Ni

Duk wanda ya taɓa sayen kwaɗo a kantin Kawu Lawali a unguwar PK8 ya san da abin da zan fara. Bawan Allahn nan bai taɓa yabon abin da yake nasa ba. Mutum zai shigo ya ce a ba shi kwaɗo mai ƙarfi, sai Kawu ya ɗauko ya jujjuya shi kamar a bola ya tsinto, ya ce wannan ai kwaɗon wasa ne, ɓarawo mai hankali da tsinken sakace zai buɗe shi. Mai saye ya karɓa ya jinjina, ya ce a'a tsoho, ai da nauyinsa. Kawu ya ce nauyin banza. Kafin ka ankara mai saye ne ke rantsuwa kayan na kirki ne, mai kanti yana musu, har a ƙulla ciniki. In mutumin ya fita sai Kawu ya juyo ya dube ni.

"Habu, kushe naka, ka bar wani ya yaba. Bakin da ya yaba ba ya dawowa ya ce an cuce shi."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, maraya. Shi ya ɗauko ni daga Maraɗi ban gama sauya haƙori ba, ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, a nan Libreville, kuma tun daga ranar ban ji ya kira ni da sunan kirki a gaban baƙo ba.

Alhaji Bello, ga ka nan zaune, kar ka sunkuyar da kai. Ka tuna lokacin da ka zo da manyanka daga Garwa neman auren Dije, 'yarsa ɗaya tilo? Kawu ya tare su da cewa su yi tunani, yarinyar ba ta iya miya ba, ga barci, ga tsiwa irin ta uwarta. Matarsa Inna Rabi tana bayan labule tana jin komai, ludayi a hannu. Manyanka suka daskare, kai kuwa ka miƙe ka hau rantse-rantse cewa ka ci miyar Dije, babu kamarta daga nan har bakin teku. Kawu ya ce, "Au, a ina ka ci?" Wallahi har yau ban ga mutum ya yi gumi irin naka na ranar ba.

Safiyar da aka karya darajar kuɗin sefa ma haka. Gari ya rikice, kowa ya ja ƙofar kanti yana sake farashi, mata sun yi cirko-cirko a gaban buhunan shinkafa. Na tarar da Kawu a buɗe yana shara. Na tambaye shi ko bai ji abin da ya samu kuɗinmu ba, ya ce shi da ma ya sani, tun ranar da kuɗin ya yarda ya shiga aljihunsa ya gane ba kuɗin arziki ba ne.

To wannan karyewar ce ta ja mini. A lokacin ina shekarar ƙarshe a wata kwalejin lissafin kasuwanci a unguwar Glass. Da makaranta ta ƙara kuɗin karatu ɗalibai suka tayar da ƙayar baya, wata safiya wasu suka naɗa sarƙa a babbar ƙofa suka danna kwaɗo, darakta da malamai suna ciki har rana ta karkata. Sai da aka kira maƙeri ya yanke sarƙar. Da sarbeyan, wato malamin da ke kula da tarbiyya, ya juya kwaɗon, sai ga ɗigon jan fenti a gindinsa. Kun san Kawu yana ɗiga wa duk kayansa jan fenti. Ni kaɗai ne Bahaushe a ajin, kuma kowa ya san kantin wa nake tsaro ran Lahadi. Kwamitin ladabtarwa ya zauna ba tare da an kira ni ba, aka kore ni.

Innalillahi! Kora a wancan lokacin ba kora kawai ba ce. Gwamnati ta riga ta yi shelar duk baƙon da ba shi da katin zama ya bar ƙasa, motocin jandarma suna bi unguwa-unguwa suna kwasa. Katina ya kusa mutuwa, kuma da shaidar makaranta ake sabunta mini shi. In korar ta tabbata, sai jirgin ruwa, in koma garin da ban san hanyar kasuwarsa ba, hannu rabbana, bayan duk shekarun karatu.

Dokar kwalejin ta ba da ƙofa ɗaya. Wanda aka kora yana iya ɗaukaka ƙara, kwamiti ya sake zama ya ji ta bakinsa, amma dole ya zo da uba ko waliyyi. Matsalar ita ce katin Kawu ya daɗe da mutuwa. Ya ƙi sabuntawa don an ce sai da sabon hoto, shi kuwa ya ce fuskarsa ba ta kai a ɓata mata takarda ba. Tun da aka fara kame yake zaune a ƙuryar kanti bayan kwalaye, ko masallaci ta lungu yake zuwa. Inna Rabi ta roƙe shi ya bari wani dattijo mai takarda ya raka ni. Ya ce wa ya san munin yaron nan kamar shi? Na ɗauka wasa yake yi.

Ranar zaman ya sa babbar rigarsa ta Idi muka shiga taksi-bus zuwa Glass. Ɗakin zaman kwamitin da dogon tebur, darakta a tsakiya, malamai a gefensa, sarbeyan a ƙarshe ya haɗe rai, ga sakatariya da alƙalami tana rubuta duk abin da aka faɗa. Kwaɗon yana kan tebur da guntun sarƙa a bakinsa. Aka karanta laifina, aka ba ni magana. Na ce ban san wanda ya saya ba, kuma ni ma ranar a cikin aji aka kulle ni. Babu wanda ya ɗago kai. Sai darakta ya ce waliyyi ya yi nasa bayani, ni in fassara.

Kawu ya miƙe ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali. Sannan ya gyara murya ya ce ya zo ne ya yi musu godiya, don sun yi abin da shi ya kasa. Yaron nan malalaci ne, ba ya tashi sai rana ta shigo ɗaki, ya taɓa cinye naman baƙo, ya taɓa barin kanti a buɗe ya tafi kallon ƙwallo.

Na gane abin da yake yi, ku ma kun gane. Al'adarmu ce in yaronka ya yi wa maƙwabci laifi, kai za ka riga maƙwabcin faɗa, ka ɗaga hannu, shi kuma ya riƙe ka ya ce haba, ai yaro ne. To amma a ɗakin nan babu mai riƙe hannu, mai rubutu ce kawai, kuma duk abin da waliyyi ya faɗa shaida ce. Sai na juya na ce musu da Faransanci kawuna ya ce ni yaro ne mai biyayya.

Kawu ya dube ni sheƙeƙe. "Na ba ka magana tsawon igiyar rijiya, ka miƙa musu guntun zare? Zauna."

Ya juya ya kama Faransancinsa na kasuwa, wanda ba ya da kai ba ya da gindi amma kowa yana ganewa. Ya maimaita komai, har da ƙari. Ina kallon alƙalamin sakatariya yana gudu, naman baƙo ya shiga takarda, ƙwallo ya shiga. Darakta ya cire tabarau ya tambaye shi ko ya fahimci an kira shi ne don ya kare ni. Kawu ya ce a kare wa? Aka nuna masa kwaɗon, ya ce nasa ne, shi ya sayar da hannunsa, wa kuma ya saya Allah ne masani, don mai kanti kuɗi yake kallo ba fuska ba. Daga nan ya ce kora ta yi kaɗan, a kira jandarma yanzu su tafi da ni. Jandarma fa! Mutumin da ba shi da ko guntun takarda a aljihu. Na ce a raina shi ke nan, tsufa ya taɓa masa kai, mun halaka mu biyu.

Sai ya sunkuya ya zare takalmi ya yo kaina. Wallahi ba wasa a fuskarsa, na kare kai da hannu ina jiran saukarsa. Kujera ta faɗi, na buɗe ido, sai ga sarbeyan, mutumin da ya kai ni ƙara, ya riƙe hannun Kawu gam.

"Haba tsoho! Yaron nan bai taɓa makara ba tun da ya shigo makarantar nan."

Kawu ya ce ƙarya ne, rufa masa asiri ake yi. Sarbeyan ya fusata ya ce shi ba ya ƙarya, shi ke tsayawa a ƙofa kullum. Malamin lissafi ya sa baki ya ce ina cikin na gaba-gaba a aji. Kawu ya ce ai satar amsa nake yi. Malamin ya buga tebur ya ce a gabansa nake zama, satar wa zan yi? Suna ta hayaniya, Kawu yana fizge hannu yana kushewa su suna karewa, har sarbeyan ya ce shi ma yanzu ya tuna, da aka yanke sarƙar yana tsaye yana kallon masu fitowa, kuma ina cikinsu da jakata. Darakta ya dubi sakatariya ya ce wannan ma ta rubuta.

Aka fitar da mu, aka sake kiranmu. An soke korar, an bar ni da gargaɗi. Darakta ya ja ni gefe ya ce cikin tausayi, in da hali in nemi wani wurin kwana, don zama da wannan tsohon haɗari ne. Kawu kuwa bai ce na gode ba. Ya nuna kwaɗon ya ce su ba shi ya zubar musu, tarkace ne. Sarbeyan ya ce tarkace? Maƙeri ya yi ta dukansa ya ƙi buɗewa, shi ya sa aka yanke sarƙa, shi bai taɓa ganin kwaɗo mai kyau haka ba. Kawu ya waiwayo ya ɗan dube ni.

Sai da muka fito bakin titi na ga abin da su ba su gani ba. Ya zo mayar da takalmin, ƙafarsa ta ƙi shiga saboda rawar da jikinsa yake yi. Ya dafa kafaɗata na durƙusa na sa masa.

A hanyar komawa, kafin mu kai PK8, jandarma suka tare taksi-bus ɗinmu. Kowa ya fito da kati. Na nuna nawa aka wuce, aka zo kan Kawu ya buɗe hannuwa babu komai, suka ce ya sauka. Na yi tsalle na bi shi ina cewa ubana ne, ba inda za a kai shi. Wani jandarma ya cafki wuyan rigata, na ga yana duban motarsu yana neman inda zai cusa ni. Nan Kawu ya ɗaga murya da Faransancin nan nasa ya ce shi bai san wannan ɗan iskan ba, tun daga Glass yake bin sa yana lalubar aljihunsa, a raba shi da shi. Jandarman ya tsinka mini mari ya tura ni cikin taksi-bus, direba ya ja. Ta tagar baya na ga Kawu yana hawa motarsu da rigar Idi, bai waiwayo ba.

Ganina da shi na ƙarshe a tashar jiragen ruwa ta Port Môle ne, daga nesa, cikin layin masu shiga jirgi. Bai sake dawowa Libreville ba. Inna Rabi ta ce har ya kwanta ciwon ajali a Maraɗi, duk wanda ya tambaye shi labarina sai ya ce wani shashasha ne yana can yana yi wa mutane lissafi, sannan ya yi shiru yana jira a musa masa.

Na tabbata ko yanzu a lahira aka tambaye shi abin da ya zo da shi, cewa zai yi ba komai, tarkace ne. To yau mu ne masu riƙe hannu, mu ne za mu musa. Ya Allah, mun shaida bawanKa Lawali mutumin kirki ne, ya riƙe maraya da baƙo, ya fito daga maɓoyarsa don ɗan da bai haifa ba. Allah Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka buɗe masa ƙofar da ba ta da kwaɗo. Mu yi masa Fatiha.