Dutsen Niƙan Kakata

Jiya masu binciken kayan tarihi suka haƙa bayan gidanmu a Zongo, kafin a shimfiɗa sabon titi. Da sun sami wani abin tarihi, da titin ya kauce wa gidan. Dutsen niƙan kakata kawai suka tono, suka ce bai tsufa ba.

Na tuna ranar da aka tashe mu daga tsohuwar unguwa. Na rungumi tabarma, ta ce, "Ajiye, ɗan nan. Dutse tukuna, sannan tukunya, sannan tabarma." Na kinkime shi zuwa mota, yana ƙanshin barkono, wuyana kamar ya karye.

Yanzu da furfurata zan sake ɗaukarsa. Allah ya ba ta gidan da ba mai cewa ta tashi.