Wankan da Ban Yi wa Yayata Ba

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Yayata a Maraɗi ta Nijar take aure, ni kuma a nan Ƙofar Guga, a ɓangaren Najeriya. Tun rasuwar mahaifiyarmu muka yi alkawari, duk wadda ta riga rasuwa, 'yar'uwarta ce za ta yi mata wanka, kada baƙon hannu ya taɓa gawarta.

Shekarar da sojoji suka karɓe mulki a Nijar, manyanmu na farar hula suka yi fushi, aka rufe iyaka, har ana maganar yaƙi a rediyo. A daminar nan ciwonta ya tsananta. Ɗanta ya kira ni, ya kara mata wayar a kunne. Da ƙyar ta ce, "Auta, kin dai san abin da ke tsakaninmu."

Ɗana ya raka ni har gaban Jibiya. Manyan motoci na tsaye a jere, albasa na ruɓewa a cikinsu. Wani soja ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba mu muka rufe ba." Masu babur suka ce za su bi da ni ta daji, ɗana ya rantse ba zan hau ba, saboda 'yan bindiga. Muka juyo.

Washegari ta cika. Maƙwabciyarta ce ta wanke ta, mutuniyar kirki, in ji su.

Daga baya an buɗe hanya. Ɗanta ya tafi Agadas neman abinci. Nawa ɗan har yau sunkuyar da kai yake idan an ambaci Maraɗi. Ni kuwa ciwon gwiwa ya zaunar da ni, ban sake taka garin ba.