Malamin da Ke Hana Mai Manhaja Magana

Wata mata ta zo kwaleji don ɗaukar ƙanenta, ta tarar ba a tashi ba, sai ta tsaya bakin tagar ɗakin kwamfuta. Malamin ne ya ja hankalinta. Siriri ne, furfura ta cinye gemunsa, hannayensa goye a baya. Ba ya ɗaga murya, amma ajin tsit yake.

Yau jarrabawa ce. Kowane ɗalibi ya miƙa wa wani manhajar da ya rubuta don ya gyara, shi kuwa mai ita an hana shi ko tari. Ƙanen nata na tsaye. Wata ɗaliba na gaban aikinsa tana ta lalube.

"Malam, don Allah, kalma ɗaya zan gaya mata," in ji ƙanen.

"Ka ɗauka a kamfani muke, kai kuma ka bar aiki tun bara," in ji malamin. "Wayarka ma ba ta shiga."

Wasu suka yi dariya, malamin kuwa ko murmushi bai yi ba. Yayar na ayyanawa a ranta: wataƙila wata manhaja ta taɓa tsayawa cak a hannunsa, jama'a na jira, wanda ya rubuta ta ya tafi bai bar bayani ba.

Ɗalibar ta ɗago kai. "Malam, bai rubuta bayanin komai ba."

"To, yanzu kana iya magana," malamin ya ce da ƙanen.

Ya matso da sauri, ya ƙura wa aikinsa ido. Ya karanta, ya sake karantawa. Shi ma ya manta abin da yake nufi.